Daga Zabirar Wanzami zuwa Littafin Lissafi: Wa ke Riƙe da Ɗakin Haƙori a Adar?

Duk sa'ad da ake ba da tarihin kiwon lahiya a ƙasarmu, sunan likita ake kira. Wane ne ya fara fiɗa, wace ce ungozomar farko da ta yi lakwal, wane asibiti aka gina a wace shekara. Ba a cika tambayar wa ke riƙe da mabuɗin ɗakin magani ba, wa ke ƙirga kuɗɗi da marece, wa ke tunawa cewa allurar kashe zafi ta kusa ƙarewa tun ba ta ƙare ba. Wanga mutum nake so mu bi sawunsa a ɗan littafinmu, kuma na zaɓi in bi shi ta ƙofar haƙori, don babu sashen da ke tona asirin rashin tsari kamar shi. Zazzaɓi ana iya duba shi ko a gindin bedi, da ma'aunin zafi da ƙwaya. Haƙori kuwa sai kujera, sai wuta, sai ruwa mai tsabta, sai tukunyar dafa ƙarafa, sai allura, sai safar hannu. Ɗaya cikinsu ya ɓace, likita ya zama ɗan kallo.

A Amurka da Ingila aikin yana da suna da albashi: manajan ɗakin haƙori. Da can, mai amsa waya ce da rubuta sunayen masu zuwa, sau da yawa ma matar likitan ce ke taimaka wa mijinta. Yau shi ke ɗaukar ma'aikata, shi ke tsara kasafi, shi ke amsa wa hukuma idan ta zo bincike. Mu nan Tawa ba mu da sunan, amma aikin ya daɗe a cikinmu. Ya dai yi ta sauya hannu ne, kuma a kowane sauyi akwai abin da aka samu da abin da ya zube a hanya.

Mu fara da wanzami. Wanda ya karanta aikin Djibo Hamani a kan Adar kafin zuwan Turawa, malamin da jami'armu ta Tawa ke ɗauke da sunansa, ya san cewa tun bayan da Agabba ɗan sarkin Agadas ya kafa mulkinsa a Adar cikin ƙarni na 17, ƙasa ce mai sarakuna da tsari, ba daji ba. Kuma kamar sauran ƙasar Hausa, sana'o'i ma suna da nasu shugabanni: maƙera da sarkinsu, mahauta da sarkin fawa, wanzamai da sarkin aska. Aski kaɗan ne daga aikin wanzami. Shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke tsaga, shi ke cire beli, shi ke huda ƙurji idan ya nuna. Haƙori idan ya ƙi jin kanumfari da sauran saƙe-saƙin tsofaffi, wurinsa ake zuwa, ko wurin maƙeri mai awartaki. A riƙe maka kai, a danne kafaɗa, ka yi salati.

Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, wanzami ba hannu kaɗai ba ne, mai gudanar da sha'ani ne. Yana da yara masu koyo, galibi ɗiyansa da ɗiyan ƴan'uwansa, shi ke raba masu aiki gwargwadon inda hannun kowa ya kai. Wanga bai wuce riƙon zabira da wasa aska ba, wancan ya kai aski, sai babba ke taɓa baki da maƙogwaro. Yana da gidajensa, don kowane gida da wanzaminsa, kamar yadda aka gada. Yana da hulɗa da maƙeri mai yi mashi ƙarafa, da baduku mai ɗinka zabira. Biya kuma ba lalle nan take ba ne. Ranar suna yana da rabonsa, da kaka a kai mashi dami, mai hali ya ba da riga. Idan kun duba da kyau, wagga hanya ta fi kama da abin da yanzu ake ta taro a kai a Yamai da sunan inshorar lahiya: ka biya lokacin da kake da shi, a yi maka aiki lokacin da kake bukata. Babu wanda ke kwana da kumburarren kunci don ba ya da dala a aljihu a ranar. Shi kuma sarkin aska shi ke raba gardama idan wani ya shiga gidan da ba nasa ba, kuma baƙon wanzami ba ya buɗa zabira a gari bai gaishe shi ba.

Ban faɗi haka don in yi wa da kwalliya ba. Ba allurar kashe zafi, ƙarfe ɗaya ke shiga baki goma, saiwar haƙori na karyewa ta zauna a dasashi ta ruɓe, jini na iya ƙin tsayawa. Kuma ba a rubuta komai. Wanda ya rasu, kwana ne ya ƙare. Wanda ya warke, hannun Wane ne mai albarka. Ilimin ma asiri ne na gida, idan tsoho ya tahi da shi shi ke nan. Amma abu guda dai tabbas ne: hannu da jaka da iko duk wuri ɗaya suke, kuma mutumin da ke riƙe da su maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a masallaci.

Kada wani ya ce mu kaɗai muka bi ta nan. Turawa ma wanzamansu ne ke cire masu haƙori. A Landan, a 1540 aka haɗa masu aski da masu fiɗa cikin ƙungiya ɗaya, ba su rabu ba sai 1745. A Faransa, Pierre Fauchard ya fitar da littafinsa kan aikin haƙori a 1728, kuma makarantar haƙori ta farko an buɗe ta a Baltimore ta Amurka a 1840. Bambancin shi ne, can sana'ar ce ta yi ta gyara kanta har ta zama makaranta. Nan kuwa sabon tsari ya zo daga waje, ya gina ɗakinsa kusa da bariki, ya bar wanzami a inda yake kamar bai gan shi ba.

A 1905 gwamnan Faransa mai mulkin yammacin Afirka ya kafa hukumar kula da lahiyar ƴan ƙasa, a 1918 kuma aka buɗe makarantar likitanci a Dakar don horar da mataimaka baƙar fata. Abin da ya dami Nasara a lokacin sananne ne: agana, sanƙarau, kuturta, ciwon barci, duk abin da ke iya rage mashi sojoji da masu aikin tilas da masu biyan haraji. Haƙorin manomin Kalfu ko na makiyayin Azawak ba ya cikin lissafi. To a nan ne aka haifi mutum na biyu a tarihinmu, wato manjo. Sunan ma daga soja aka aro shi. Ma'aikacin jinya ne da aka ɗora a kan ɗakin shan magani, wanda mu har yau muke ce ma ginin kansa "likita", mu ce za mu likita, mun fito daga likita. Manjo ke riƙe da mabuɗi, shi ke da babban littafin da ake rubuta sunan kowa da ciwonsa, shi ke aika rahoto sama kowane wata, shi ke tsawata wa mai shara da mai ɗaurin gyambo. Idan haƙori ya zo kuma akwai ƙarfen cirewa a akwati, shi ke cirewa.

Ku lura da abin da ya sauya. Rubutu ya shigo, kuma ba ƙaramin abu ba ne, don da shi aka fara sanin ciwo kaza ya yi yawa a wata kaza. Amma fuskar shugaba ta juya. Wanzami mutanen gari yake tsoro, manjo kuwa na sama da shi yake tsoro. Jaka kuma ta fita daga hannunsa ɗungum: magani daga sama yake zuwa, kyauta ne idan akwai, idan babu sai haƙuri. Bai san kuɗɗin kwalba ɗaya ba, ba a kuma nemi ya sani ba.

Bayan ƴancin kai na 1960 an ci gaba a kan wagga turba, an dai faɗaɗa ta. An kafa ONPPC mai sayo magani da rarraba shi, an horar da masu agajin farko da ungozomomi a ƙauyuka, jami'ar Yamai ta soma koyar da likitanci cikin shekarun 1970. Likitan haƙori kuwa sai an tura ɗalibi waje, Dakar ko wata ƙasa, ya shekara biyar ko shida, ya komo. Ya komo ina? Yamai, inda wuta take, inda masu albashi suke. Ba na ganin laifinsa ƙwarai. Tawa ta fi kilomita 500 daga can, kuma wanda ya koyi cike rami da gyaran saiwa ba ya son ya ƙare rayuwarsa yana cirewa kawai don babu kayan cikewa. Sa'ad da kuɗɗin yuraniyom suka faɗi a farkon shekarun 1980, fari na 1984 ya biyo baya, sai kantocin magani na gidajen likita suka zama fayau. Tsofaffinmu na tuna zamanin: ka je, a duba ka kyauta, a ba ka takarda ka tahi farmasi ka saya da kanka. Manjo ya zama mai rubuta takarda.

Daga nan ne labarin ya fi jan hankalina. A 1987 ministocin lahiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da hukumar lahiya ta duniya da UNICEF, suka amince da sabuwar dabara: marar lahiya ya biya wani abu kaɗan, kuɗɗin su zauna a wurin, a riƙa sayen magani mai araha da su, jama'ar gari kuma su sa ido. Nijar ba ta yi gaggawa ba, sai da ta yi gwaji a 1993, a gundumomi uku. A Say aka ce kowa ya biya a taga, babba dala 40, yaro dala 20. A Boboye aka ɗora dala 40 a shekara a kan kowane mai biyan haraji, sannan idan ka zo likita ka ba da ɗan abu, babba dala 10, yaro dala 5. Gunduma ta uku ita ce Illela, tsohuwar fadar Sarkin Adar. Ita ba a sauya mata komai ba, an bar ta yadda take don a samu abin gwadawa da ita. Wato a babban gwajin da ya sauya kiwon lahiyar ƙasar, aikin Adarawa shi ne su zauna babu magani a riƙa ƙirga su. Sakamakon ya nuna hanyar Boboye ta fi jawo talakawa zuwa likita, ita ce kuma ta fi kusa da damin wanzami da na faɗa a baya. Amma abin da ya bazu a ƙasa daga baya shi ne biya a taga. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake sayowa daga Turai ya ninka, a 1995 kuma doka ta tabbatar da tsarin biya.

Abin da tsarin ya haifar a cikin gidan likita shi ne mutum na uku, ko in ce mutane. An samu mai karɓar kuɗɗi da ƴan takardunsa na shaida, zaune a taga. An samu kwamitin gudanarwa, COGES, mai shugaba da ma'aji daga cikin mutanen gari. A gunduma an samu wanda a takarda ake kira gestionnaire, zaune cikin tawagar babban likita, shi ke bin lissafin kuɗɗi da kaya da man mota. Karo na farko tun zamanin wanzami, jaka ta komo ƙasa, kusa da marar lahiya. Amma ba ta komo hannun mai aiki ba, an raba su da gangan: wanga ya duba, wancan ya karɓa, na uku ya sa hannu kafin a fitar.

Dabara ce mai kyau a takarda, kuma a wurare da dama ta komo da magani kan kanta. Sai dai tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Manjo da ya shekara ashirin yana sarauta shi kaɗai, yau wani yaro mai takardar firamare, ko wani dattijo da bai iya karanta sunan magani ba, shi zai tambaye shi ina kwalin kaza ya shiga? A wani wuri manjo ya haɗiye kwamitin, ya mai da su masu sa hannu kawai. A wani wuri kwamitin ya zama na gidan sarki ko na jam'iyya. Shi kuma mai karɓar kuɗɗi, wanda duk nauyin ya rataya a wuyansa, ba ma'aikacin gwamnati ba ne, daga cikin abin da ya tara ake ba shi ɗan abin sakawa a baki. An ba shi amana ba a ba shi daraja ba. Wanda ke zaune kan tulin kuɗɗi da yunwa a cikinsa, kun san sauran.

Ina haƙori a cikin duk wanga? A gefe. Ayyukan da aka tsara wa ƙaramin gidan likita, CSI, su ne zazzaɓi, zawo, tari, awon ciki, haihuwa, rigakafi. Mai ciwon haƙori ya biya kuɗɗin taga kamar kowa, a ba shi maganin zafi da na ƙwayoyin cuta, a ce idan bai bari ba ya tahi Tawa. Daga Abalak fiye da kilomita 100 ne, balle Cintabaradan ko Tasara. Shi ya sa da yawa ke tsayawa wurin mai tallar ƙwayoyi a tire, su sha ja da rawaya har kumburi ya sauka, ya sake tashi bayan wata biyu. Tun da ba a yi aikin ba, ba a rubuta shi a rahoto ba. Tun da ba ya cikin rahoto, na sama sun ɗauka babu bukata. Tun da babu bukata, ba a turo kujera ba. Haka abin ke zagayawa.

Daga 2001 shirin musamman na shugaba Tandja ya cika ƙauyuka da ƙananan ɗakunan shan magani, sannan a 2005 da 2006 aka ce fiɗar haihuwa da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 duk kyauta ne. Iyaye mata sun ji daɗi, kuma gaskiya yara da yawa sun rayu saboda shi. Tsarin shi ne gidan likita ya yi aikin, ya rubuta takardar bin bashi, gwamnati ta biya. Biyan ne ya riƙa makara, wata da watanni, wani lokaci shekaru, kamar yadda masu bincike na LASDEL a Yamai suka yi ta nunawa. Sai mai riƙe da lissafi ya tashi daga ma'aji ya koma mai bin bashi: cika takardu, kai su gunduma, a maido don an yi kuskure a layi ɗaya, a sake kaiwa. A nan ne aka gane wa ya iya da wa bai iya ba. Inda aka samu masu kai, an ƙirƙiro mafita. A gundumar Keita, inda ƙungiyar Médecins du Monde ta yi aiki, da wasu gundumomi, an riƙa ƙara dala 20 a kan kowane mai zuwa, a tara su a asusu ɗaya don man motar ɗaukar marasa lahiya, ta yadda mai naƙuda ba za ta jira a sayar da akuya ba. Wagga ba dabarar allura ba ce, dabarar mai lissafi ce, kuma ta ceci rai kamar yadda allura ke ceta.

Kada ku ɗauka maganar haƙori maganar kwalliya ce, ta masu son farin murmushi ko haƙorin Makka. Akwai cutar da likitoci ke kira noma. Sunan na rikita Bahaushe, har ka ji mutum ya ce "to mi ya haɗa noma da ciwo?", shi ya sa wasu ke ce mata zaizayar baki, mutanen ƙauye kuma ciwon iska. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashin yaro mai tamowa, galibi tsakanin shekara 2 zuwa 6, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi. Cikin kwanaki kaɗan ta cinye kunci da leɓe har ƙashi. Mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke. Alhali a matakin farko, wanke baki da maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki sun isa. Ƙungiyar Sentinelles na karɓar irin waɗannan yara a Damagaram tun farkon shekarun 1990, a Sakkwato an buɗe masu asibiti na musamman a 1999, kuma sai a watan Disamba na 2023 hukumar lahiya ta duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Abin da ke raba yaron da ya warke da wanda fuskarsa ta tahi ba gwanintar mai fiɗa ba ce. Wani ne ya tsara, ko bai tsara ba, cewa duk yaron da aka kawo awon tamowa a buɗa bakinsa a duba.

Bari in kawo abin da na gani da idona. Bara na raka kawuna daga ƙauye zuwa wani ɗakin haƙori da ba zan faɗi sunansa ba. Likita na nan, mutumin kirki, kujera na nan, sabuwa ma. Ran farko injin da ke hura iska ya lalace, mai gyara ya yi tahiya. Ran na biyu an gyara, amma allurar kashe zafi ta ƙare. Yarinyar da ke bakin ƙofa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka komo jibi." Kawu ya dube ta da kuncinsa kamar an cusa goriba, ya ce, "Ɗiyata, jibi da mi za ni komo? Kuɗɗin mota na cinye su jiya." Ba wanda ya yi mashi rashin kunya, ba wanda ya nemi cin hanci. Kawai dai babu mutum ɗaya a wurin da aikinsa ne ya san allura saura kwali nawa, ko ya karɓi lambar wayar wanda ya zo daga nesa ya kira shi idan an shirya. Likitan shi ne mai cirewa, shi ne mai sayo kaya, shi ne mai neman makaniki, shi ne mai lissafin wata. Mun koma zamanin wanzami, hannu da jaka wuri ɗaya, amma da kayan aikin da suka fi ƙarfin mutum guda.

Wagga ita ce matsalar zamaninmu. Kusan duk abin da ɗakin haƙori ke ci daga waje yake zuwa: allura, abin cike rami, ƙananan kawunan injin huda, fim ɗin hoto. Wanda bai yi oda da wuri ba zai zauna wata guda hannu rabbana. Mun gani a watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu kuma iyakoki suka rufe: wanda ya tanadi faranti mai aiki da hasken rana ko janareto da mai, ya ci gaba da dafa ƙarafansa, wanda bai tanada ba ya rufe ƙofa, ko kuma, abin da ya fi muni, ya ci gaba da aiki da ƙarfen da bai dahu ba. Ciwon hanta da sida ba su san kujera sabuwa ce ba. A 2024 gwamnati ta rage kuɗɗin aiki a asibitocinta da rabi. Talaka ya samu sauƙi, kuma ya cancanta. Amma ma'anarsa a teburin mai lissafi ita ce mutane sun ƙaru, abin da ke shigowa kan kowane mutum ya ragu, farashin allura kuwa yana nan inda yake. Wani ne zai zauna ya warware wanga lissafi, kuma ba likitan da hannunsa ke cikin bakin mutum ba ne.

Ga shi kuma bukata sai hauhawa take. Mu da ke kwana a fada muna shan shayi zagaye uku, kowane da sukari kamar za a yi alawa, mu ne masu cika layin nan da shekara goma. Kakanninmu da asuwakinsu da gawayinsu da tuwon hatsi sun fi mu haƙora. Hukumar lahiya ta duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da ciwon baki da haƙori, ba mu kaɗai ba ne. A birane ana ta buɗe ɗakunan haƙori masu zaman kansu, kuma a ƙasa irin Adar da ɗiyanta ke ci-rani a Abijan da Libiya da Kamaru, masu jarin da za su zuba ba za su rasa ba. Tambayar ita ce wa za a ɗora. Abin da aka saba, a ɗauko ƙane ko ɗan ɗaki a ce ya zauna kan akwatin kuɗɗi, don shi ne ba zai ci amana ba. Riƙon amana dole ne, amma bai isa ba. Wanda zai riƙe irin wanga wuri sai ya iya ce ma likita, cikin ladabi, "Dokta, yau ba mu iya karɓar mutum talatin, tukunya goma sha biyu kawai take dafawa kafin azahar." Sai ya iya ce ma mai jari a'a idan ya ce a sake amfani da safar hannu. Sai ya iya zama da tsohuwar da ba ta jin Faransanci, ko Buzun da ba ya jin Hausa sosai, ya bayyana masu dalilin da ya sa cikewa ta fi cirewa tsada amma ta fi ta amfani, ya kuma samo hanyar da za su biya kaɗan-kaɗan. Wanda ke yin waɗannan ba akawu ba ne, shugaba ne, ko da ba ya sa farar riga.

Mu kuma, ƴan'uwa, muna nan Tawa muna karatun gudanarwa da tattalin arziki da shari'a, tun da aka buɗe IUT a 2008 da jami'a a 2010. Kowace shekara muna fita da yawa, kowa idonsa na kan banki ko ƙungiyar agaji mai farar mota. Na taɓa faɗa wa wani abokin karatuna cewa gidajen likita na bukatar irinmu, ya yi dariya ya ce, "Kai, ni da digiri in zauna ina ƙirga auduga?" Na fahimce shi, don aikin har yanzu ba ya da suna mai daɗin faɗa a gaban surukai, kuma a ajinmu misalan da ake ba mu na kamfanin siminti ne da na sayar da lemu. Ban taɓa jin an kawo mana lissafin wani COGES mu warware ba, alhali littattafansu na nan jibge a kowace gunduma, shekara da shekaru na tarihin yadda talakan Adar ke biyan lahiyarsa dala-dala.

Shi kuma wanzami bai tahi ko'ina ba. Ya bar tsohuwar aska ya koma reza sabuwa ga kowane kai, tun da aka yi ta faɗakarwa kan sida, wato yana jin magana idan an zo mashi da girmamawa. A Barmu ko Afala ko Takanamat, shi ne har yau mutum na farko da ke buɗa bakin jariri, kuma wurinsa uwa ke fara kai yaro idan dasashi ya kumbura yana wari. Yana da waya a aljihu kamar kowa. A ɗakunan haƙorin da na shiga, ban ga lambar ko ɗaya daga cikinsu a rubuce ba.